Na'ura ta iya faɗin abin da aka canza, amma wa zai faɗi dalili?

A shekarar 2006 wani mai kula da manhajar OpenSSL a tsarin Debian ya kashe wasu layuka biyu a cikin kod ɗinta, saboda manhajar bincike ta Valgrind na ta ƙorafi a kansu. Gyaran ya wuce salin alin. Sai a watan Mayun 2008 Luciano Bello ya gano cewa ɗaya daga cikin layukan shi ne ke zuba bazuwar lambobin da makullan sirri suka dogara da ita. Kusan shekara biyu kenan makullan da ake ƙerawa a Debian da Ubuntu na fitowa daga wani ɗan tari, kimanin 32,000 ga kowane nau'i, wanda mai kutse zai iya gwadawa ɗaya bayan ɗaya har ya dace. Mai gyaran ya ga layin da idonsa. Abin da ya shige masa duhu shi ne dalilin da ya sa layin yake nan.

Wannan dalili shi ne aikin saƙon komit, wato ɗan bayanin da mai rubuta kod ke maƙala wa kowane gyara kafin ya adana shi a tarihin manhaja. Tun da Linus Torvalds ya rubuta Git, manhajar da ke adana irin wannan tarihi, a watan Afrilun 2005, bayanin nan ya zama al'ada mai ƙa'idoji. Takardar shiga aikin Linux tana neman mai gyara ya fara da matsalar da ya gani, ya faɗi yadda take shafar mai amfani, ya raba aikinsa yadda kowane gyara zai tsaya a kan abu guda, kuma ya yi magana da sigar umarni. In ɓarnar wani tsohon gyara yake ɗinkewa, sai ya sa layin "Fixes:" da lambar wancan gyaran. A 2008 Tim Pope ya yaɗa wani ma'auni da ya karɓu ko'ina: taƙaitaccen take na haruffa kamar 50, layi guda a buɗe, sannan bayani da layinsa bai wuce haruffa 72 ba.

Ba tsirfa ba ce. Tarihin Linux ya haura gyara miliyan guda. Ranar da abu ya lalace, injiniya kan yi amfani da git bisect ya yi ta raba tarihin biyu har ya kama gyaran da ya kawo matsala. Wanda ya rubuta shi wataƙila ya bar aikin shekara goma da suka wuce. Ba wanda za a tambaya sai saƙon da ya bari.

Yanzu kuwa yayi ya sauya, kuma ta hanya biyu. Ta farko ita ce tsarin Conventional Commits, wanda ya samo asali daga al'adar aikin Angular. Kowane saƙo zai fara da alama: "feat" in sabon abu ne, "fix" in gyaran kuskure ne. Daga nan sai na'ura ta karanta, ta ɗaga lambar sabon fitowa, ta jera sauye-sauye da kanta. Abin yana da amfani ƙwarai, kuma aikin da ke da mai kula ɗaya ko biyu ya samu sauƙin da bai kamata a raina ba. Illarsa ita ce mutane da yawa sun ɗauka in alamar ta yi daidai, saƙon ya cika. Sai ka tarar da tarihi tsaf-tsaf, kowane layi da kwalliyarsa, babu ko ɗaya da ya gaya maka abin da ya faru.

Hanya ta biyu ta fi nauyi. Kayan aiki irin su GitHub Copilot suna ba da maɓalli guda: a latsa, ƙirƙirarriyar basira ta duba bambancin tsohon kod da sabo, ta rubuta saƙon cikin Turanci mai santsi. To amma bambancin nan duk mai bita yana ganinsa. Abin da ba ya cikinsa shi ne rahoton da ya tayar da maganar, da hanyar da aka fara gwadawa ta ƙi, da dalilin da ya sa aka zaɓi mai jinkiri aka bar mai sauri. Waɗannan a kan mai aikin suke. Na'urar da ba a gaya wa ba, ko dai ta yi shiru a kansu, ko ta ƙago dalili mai kama da gaskiya, wanda ya fi shirun haɗari domin mai bita zai yarda da shi.

Akwai kuma batun ɗaukar alhaki. A 2004, ana tsakiyar rigimar da kamfanin SCO ya tayar kan asalin kod ɗin Linux, aka shigo da layin "Signed-off-by". Mai gyara zai sa sunansa yana shaida cewa yana da haƙƙin miƙa aikin, duk mai kulawar da gyaran ya bi ta hannunsa shi ma ya ƙara nasa. Kamar isnadi yake: ana iya bin sa daga baki zuwa baki har a kai ga tushe. Shi ya sa wasu ayyukan suka ja layi. Majalisar Gentoo ta hana gudummawar da aka samar da na'urorin ƙirƙirarriyar basira a watan Afrilun 2024, NetBSD ta biyo baya a watan Mayu, QEMU ma ta ƙi karɓa a 2025, tana kafa hujja da wannan shaidar ta sa hannu. Fedora ta bi wata hanya a 2025: ta yarda a nemi taimakon na'ura, muddin an bayyana, kuma alhakin na kan mutumin da ya miƙa.

Matsayin Fedora ya fi kusa da daidai. Haramci gaba ɗaya yana da wuyar tabbatarwa, kuma yana iya rufe ƙofa ga mutanen da ya kamata a buɗe wa. Ɗalibar da ke Kano ko Damagaram, wadda ta fahimci matsalar sarai amma Turancinta ko Faransancinta ke tsaya mata a wuya, ba laifi ba ne ta rubuta dalilinta da kalmominta, na'ura ta gyara mata nahawu. Tunanin nata ne, kuma in aka tambaye ta za ta iya kare shi.

Abin da bai dace masu kula da ayyuka su sassauta a kai ba shi ne tambayar da ake yi wa mai gyara lokacin bita: me ya karye, ta yaya ka sani, me ya sa wannan hanyar? Takardun ƙa'ida da yawa yau sun cika shafi da maganar alamomi da tsawon layi, alhali waɗannan na'ura na iya dubawa cikin daƙiƙa. Ya kamata a bar mata su, a mayar da shafin ga tambayoyin nan uku, kuma gyaran da mai shi ya kasa amsa su a mayar masa ko da kod ɗin yana aiki.