Jinjina Ga Masu Duba Ƙafar Mai Ciwon Suga

"Baba, cire takalmin mu gani," in ji malamar jinya, ta durƙusa gaban dattijon. Ta ɗauko siririn zaren roba mai lanƙwashewa da nauyin giram 10, ta dangwala masa a tafin ƙafa. Shiru, bai ji komai ba. Suga ya kashe jijiyoyin. Ko ƙaya ya taka, sai ta kwana ba labari.

Sannunku da aiki, ma'aikatan jinya. Wannan durƙuson ya raba mutane da yawa da yankan ƙafa.

Malamar ta buɗa yatsun dattijon ɗaya bayan ɗaya, ba ƙyama. Ta ce ya riƙa tsane tsakaninsu bayan alwala, ya shafa wa faso mai da hunturu, ya zazzage takalmi kafin ya saka. Kaushin ƙafar kuwa, kada wanzami ya kusance shi da aska.