Bayan An Kwance Majayi

A 'yan shekarun nan son doki ya dawo wa matasan ƙasar Kano da ƙarfinsa. Ango ba ya jin ya angwance sai an yi masa hawa, mai saukar Alƙur'ani sai an zaga da shi gari a kan doki, kullum da la'asar kuma ga samari suna kilisa, wani na sukuwa, wani na ɗaukarsa a waya don a ɗora a TikTok. Mu ma a Ɗambatta abin ya iso mu, kuma ni ban ƙi shi ba ko kaɗan. Garin Sarkin Bai ne, ɗaya daga cikin masu zaɓen Sarkin Kano su huɗu, gidan sarauta kuwa ba ya rabuwa da barga. Abin da ke ci mini rai shi ne mahaya sun yi yawa, masu kiwon doki sun ƙaranta. Yaro ya iya zaman sirdi, ya iya zamiya a gaban jama'a, amma ka tambaye shi abin da ake yi wa doki idan an kwance majayi, sai ya yi shiru.

Duk mai shakkar maganata, ya leƙa inda ake ɗaure dokin haya da sassafe, washegarin biki. Zai tarar da shi a turke, kai a sunkuye, ga haƙarƙari ana iya ƙirgawa. A gadon bayansa, daidai mazaunin sirdi, akwai miki ja wanda gefensa ya yi tauri, an shafe shi da baƙin man mota, ƙudaje sun yi masa dafifi. Gefen baki ya tsage saboda fizgar linzami, ciki duk tabon ƙaimi, kofato ya yi tsawo har ya fara tsattsagewa. Jiya hannu nawa ya bi, sai Allah. Wannan ya sauka, wancan ya hau, kowa na son ya mori kuɗin da ya biya. An dawo da shi jiƙe da gumi, an ɗaure, an tafi. Da yamma kuma za a ɗora zubuka a kan mikin, jalala ta rufe, a sake fita da shi.

Ba duka ba ne mugunta. Doki tsada gare shi. Wanda nauyinsa ya kai kilo 300 yana bukatar abinci wajen kilo 6 zuwa 7 a yini, galibinsa ciyawa da harawa, ga ruwa fiye da jarka guda mai lita 25 idan ana zafi. Ƙasarmu kuwa ba makiyaya. Gona na manne da gona, da damina kowace dabba a ɗaure take, sai abin da aka yanko aka kawo mata. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, dawa da dusa suka yi tashin da magidanci ke rasa na bakin 'ya'yansa, balle na doki. Sannan ga hawan da ake ta dakatarwa: ba a yi ba a 2020 saboda korona, 'yan sanda sun hana na Babbar Sallar 2024 da na Ƙaramar Sallar 2025 a Kano. Mutumin da ya sayi doki don ranar Sallah kawai, ko don kuɗin hayar ranar, sai ya wayi gari da baki mai ci ba ya kawo komai. Daga nan ake fara rage masa awo.

Ƙarshen irin wannan doki sananne ne. Dillali ya zo, ya kewaya shi, ya ce, “Alhaji, wannan ai ya gama, a rabu da shi tun yana tsaye.” A sallama da arha. In yana da sauran ƙarfi, ya faɗa hannun wani mai haya. In babu, a loda shi a babbar mota zuwa Kudu, irin su Obollo-Afor a jihar Inugu, inda ake cinikin dawaki don nama. Tafiyar kwanaki a tsaye, a cunkushe, ga dabbar da dama ba ta da lafiya.

Sai dai akwai wasu mutane da ba a cika yaba musu ba, kuma saboda su na ɗauki alƙalami. Su ne masu sayen ramammen doki a kasuwanni irin ta Maigatari mai ci ranar Alhamis, ko daga hannun maƙwabcin da ya gaza, su kawo gida su yi jinyarsa. Yawanci dattawa ne da suka taso a bargar hakimi ko ta dagaci. Wannan aiki shi ne asalin sanin doki, kuma ya fi jahi wuya nesa ba kusa ba.

Wuyarsa ta farko ita ce haƙuri. Mai tausayi da bai sani ba, da ya ga doki ya rame sai ya zuba masa dawa cike da kwarya, yana ganin alheri ya yi. Wannan kan kashe doki. Jikin da ya daɗe da yunwa, in aka antaya masa hatsi farat ɗaya, gishirin da ke cikin jininsa kan rikice, zuciya ta kasa, ya faɗi cikin 'yan kwanaki. Kuma tumbin doki ƙarami ne, ba ya iya amai, abin da ya shiga ya shiga. Shi ya sa likitocin dabbobi ke cewa a fara da busasshen ganye mai kyau, ɗan kaɗan, duk bayan awa huɗu, a riƙa ƙarawa sannu a hankali, hatsi kuwa sai bayan mako biyu ko fiye. A nan Allah Ya yi mana gata, don harawar wake da ta gyaɗa da muke jibgewa a kan bishiya da rufin ɗaki da kaka, kusan ita ce abin da ake nema. Sai ruwa mai tsabta a gabansa kullum, da maganin tsutsar ciki idan ya ɗan farfaɗo, da cire kaska. A wanke miki da ruwan gishiri mai ɗumi, a nisanta shi da baƙin mai, a yi masa allurar rigakafin tetanus, don doki na cikin dabbobin da cutar ta fi saurin kayarwa. A duba baki. Haƙoran doki ba sa daina fitowa, gefensu kan yi kaifi ya riƙa yankar kumatu, sai ka ga yana tauna yana zubarwa, mai shi na cewa tsufa ne, alhali goge haƙoran kawai ake bukata. Kafin ya mayar da jiki sai an yi wata uku zuwa biyar, kuma duk tsawon lokacin ba a ɗora masa sirdi.

Inda nake da ja da wasu masu wannan aiki shi ne ranar rabuwa. Doki ya murmure, gashi ya kwanta, Sallah ta matso, sai a sayar wa duk wanda ya fi ba da kuɗi, ko da kuwa mai hayar da ya lalata shi ne tun farko. Wahalar wata biyar ta tafi a banza cikin mako biyu. Riba halal ce, ban ce a yi asara ba. Amma wanda ya kwana yana tashi cikin dare don ya ba dabba harawa, ya kamata ya san hannun da zai miƙa wa ragamarta.

Wasu ƙasashe sun daɗe da tsara wannan. A Alƙahira, wata Baturiyar Ingila mai suna Dorothy Brooke ta tarar da dawakin sojan da aka bari bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya suna jan kaya a wulaƙance. Ta tara kuɗi ta fanshi kimanin 5,000, sannan a 1934 ta buɗe asibitin dabbobi na kyauta, wanda ya zama tushen ƙungiyar Brooke ta yau. A birnin Fas na Maroko akwai asibitin dawaki da jakuna da alfadarai da ke aiki kyauta tun 1927. Kada wani ya ce al'adar Turawa ce. Masana tarihi sun ambaci wani fili a Dimashƙa da aka yi waƙafinsa don tsofaffin dawaki su yi kiwo har ajalinsu, kuma duk ɗalibin hadisi ya san labarin raƙumin da ya kai ƙarar mai shi wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kan yunwa da yawan aiki.

Na san za a ce mutane ma ba su ƙoshi ba, ana zancen doki. Gaskiya ne akwai yunwa. Amma ba wanda ya tilasta wa kowa ɗaure doki, wanda kuma ya ɗaure ya ɗauki amana. Sannan abin da nake nema ba zai ci kuɗin gwamnati ba. Ɗambatta na da Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako, da ɗalibai masu neman dabbar da za su koyi aiki a kanta. Tana da harawa, tana da dattawan barga da ilminsu ke shirin binnuwa tare da su. Abin da nake nema rumfa ce mai turke biyar ko shida, da mai kula guda, da likita mai leƙowa, attajiran gari su yi waƙafin harawa da kaka lokacin da take da arha. Dokin da ya warke a ba da shi kiwo, yadda muka saba ba da akuya ko saniya, ga manomin da aka yarda da shi, bisa sharaɗin ba haya, ba sayarwa, kuma za a riƙa zuwa dubawa. Tsohon dokin da ya wuce hawa ma ba kaya ba ne a ƙasar da ake sayen taki da kuɗi a kai gona a amalanke. Doki kan kai shekara 25 in ya samu kulawa.

A watan Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana, muka yi ta murna. Hawan nan a bayan doki yake tsaye.

Don haka ina roƙon mai girma Sarkin Bai, ranka ya daɗe, da dagatai da masu unguwanni, a kafa ƙa'ida cewa kafin duk wani hawa a ƙasar Ɗambatta, na Sallah ko na angwanci, a ɗaga zubuka a duba bayan doki, mai miki a mayar da shi turke. Ku kuma samari, ƙannena, kafin ku miƙa kuɗin haya ku ce a cire sirdi ku gani da idonku. In kun ga ciwo, ku fasa hawan.