Rantsuwar Gilgal da Rabin Labarin da Muke Tsallakewa

Ɗan'uwa mai karatu, in ka daɗe kana zuwa sujada, da wuya a ce ba ka taɓa jin wa'azi a kan Joshuwa sura 9 ba. Mutanen Gibeyon suka ji abin da ya sami Yariko da Ayi, tsoro ya kama su, suka ƙulla dabara. Suka ɗora wa jakuna tsofaffin buhuna da salkunan ruwan inabi da suka sha ɗinki, suka sa takalma masu faci, suka riƙo busasshiyar gurasa mai funfuna, suka iso zangon Isra'ila a Gilgal suna cewa daga ƙasa mai nisa suka fito. Dubi gwanintar ƙaryar: sun ambaci Masar da Sihon da Og, tsofaffin labarai, amma ba su ce uffan a kan Yariko ba, gama baƙon nesa ba ya sanin labarin jiya. Shugabanni suka duba guzurin, suka rantse musu da sunan Ubangiji. Bayan kwana uku gaskiya ta fito, ashe maƙwabta ne.

Yawancin masu wa'azinmu a aya ta 14 suke sauke kaya, inda aka ce ba a nemi shawarar Ubangiji ba. Gargaɗin daidai ne, amma ina da ƙorafi a kan tsayawa a nan. Irin wannan wa'azi yana amfanar wanda ba a yaudare shi ba tukuna. Wanda aka riga aka cuta fa, wanda aka sayar masa da filin da ke da mai shi, ko abokin ciniki ya ci amanarsa? Shi yakan koma gida da zargin kansa kawai. Alhali surar tana da ayoyi 27, kusan rabinta kuwa a kan abin da aka yi ne bayan asiri ya tonu.

Jama'a suka yi gunaguni a kan shugabanninsu, suna da hujja kuma, tun da an gina alkawarin a kan ƙarya. Shugabannin suka ƙi taɓa Gibeyonawa, domin sunan da suka rantse da shi na Ubangiji ne, ƙaryar wani kuwa ba ta rage masa nauyi ba. Duk da haka Joshuwa bai rufe maganar ba. Ya kira su, ya tambaye su a fili dalilin da ya sa suka yaudare shi, ya ɗora musu aikin saran itace da ɗiban ruwa domin jama'a da bagaden Ubangiji. An kira ƙarya da sunanta, an hukunta ta, ba a zubar da jini ba.

Saboda haka kada wani ya ce maka haƙurin Kirista shi ne ka yi shiru ɗan damfara ya ci gaba da cin mutane. Ka tone shi, ka kai maganar gaban dattawan ikilisiya, in ta kama a je gaban hukuma a je. Abin da ba ka da izininsa shi ne ka rama ƙarya da ƙarya, ka ƙara gishiri a labarin don a tausaya maka, ko ka huce a kan 'ya'yansa. Ban kuma ce kowace rantsuwa ake cikawa ba. Hirudus ya cika tasa a Markus sura 6, kan Yahaya Maibaftisma ya tafi. Cika tasa ta bukaci kisan marar laifi, ta Joshuwa kuwa ta bukaci a bar mutane da rai, ko da ya sha kunya a idon jama'arsa.

Gwaji mafi tsanani yana sura 10. Sarakunan Amoriyawa biyar suka kewaye Gibeyon da yaƙi. Da Joshuwa ya naɗe hannu, da abokan gaba sun raba shi da wannan kaya ba tare da ya karya rantsuwa da bakinsa ba. Wa zai zarge shi? Sai ya kwana yana tafiya da mayaƙansa daga Gilgal don ya ceci mutanen da suka ruɗe shi. A wannan yaƙi ne rana ta tsaya, mu'ujizar da yaran makarantar Lahadi suka haddace ba tare da an faɗa musu don wa aka fita yaƙin ba.

Shekaru da yawa bayan haka Saul ya ga kamar tsohon alkawari ya mutu, ya karkashe Gibeyonawa da sunan kishin Isra'ila. A 2 Sama'ila sura 21 yunwa ta shekara uku ta auko a zamanin Dawuda, da ya nemi dalili Ubangiji ya nuna masa jinin nan. Sa'ad da Nehemiya yake sāke gina garun Urushalima kuwa, a cikin jerin maginan da ke sura 3 akwai mutanen Gibeyon, suna gyara nasu sashen kusa da na sauran.