Lambar Stockfish ba ta koya wa yaro ches

Tun da Tunde Onakoya ya shafe awa 60 yana buga ches a dandalin Times Square na New York a Afrilun 2024, wasan ya ƙara shiga ran matasanmu. A nan Keffi ma za ka ga ɗaliban Jami'ar Jihar Nasarawa sun duƙufa a waya, suna karawa a Lichess ko Chess.com. Na ji daɗin haka ƙwarai. Yadda suke koyon ne ke damuna.

Yaro zai haddace buɗin London ko na Sisiliya daga YouTube, ya zubo motsi goma ba gargada. Da abokin karawa ya kauce wa layin da ya haddace, sai ya yi tsuru. In an tashi kuma ya buɗe injin nazarin ches na Stockfish, ya ga +0.8, ya gyaɗa kai. Lambar ba ƙarya ta yi ba, fari ya ɗan yi gaba. Sai dai ba ta gaya masa dalili, balle inda zai dosa.

Ɗauki sojan tsakiya da ya rage shi kaɗai, babu ɗan'uwansa a layin dama ko na hagu. Mai shi yana da fili, saboda haka hari ya kamace shi tun da wuri, ya guji musayar manyan 'ya'ya. Abokin karawarsa kuwa ya dasa doki a gaban sojan, ya yi ta neman musaya, domin duk sanda allo ya yi sauƙi raunin sojan nan yake fitowa. Injin zai iya cewa an yi kunnen doki, alhali shirin kowa daban ne. Wanda ya gane wannan zai yi amfani da shi a buɗi iri-iri, ko da bai san sunansu ba.

Dattawan da ke buga dara a gindin bishiya sun san wannan aiki. Gurbi 30, 'ya'ya 12 ga kowa, kuma tun wurin zubi ake gane gwani, domin kowane tsinke da ya dasa, ya riga ya hango jeren ukun da yake nema da wanda zai toshe. Ba wanda ya ba shi hadda.

Manyan duniya ma haddar ta ishe su. A 1996 Bobby Fischer ya fito da tsarin da ake cakuɗa jerin baya ta hanyoyi 960, kuma Magnus Carlsen na cikin masu tallata shi yanzu.

Ba na cewa a jefar da injin. Ina roƙon masu koyar da yara a makarantunmu dai su sa a kife waya bayan motsi na goma, yaro ya faɗa da bakinsa sarkin wa ya fi tsaro, wa ya riƙe tsakiya, wane ɗa ne yake zaune ba aiki. In ya gama bayani, sannan a duba abin da Stockfish ya ce.