Ƙiyasi ko Kintace: Tsokaci kan Tambayoyin Fermi a Azuzuwan Nima da Maamobi

Akwai tambayoyin lissafi da ba su da amsa guda ɗaya, waɗanda ake jingina wa masanin kimiyya Enrico Fermi. Shi ne ya saki 'yan guntayen takarda lokacin gwajin bam ɗin nukiliya na farko a Amurka a 1945, ya duba nisan da iska ta kai su, ya ƙiyasta ƙarfin bam ɗin. Tsokacin nan ya shafi yadda ɗaliban koyon malanta ke zaɓen dabarar warware irin waɗannan tambayoyi.

Ɗauki misali: mutum nawa ke cika kasuwar Nima ranar Laraba? Wani zai ce a ƙirga su ɗaya bayan ɗaya, abin da ba zai yiwu ba. Wani zai ƙirga mutanen layi ɗaya ya ninka da yawan layuka. Wani kuma zai duba mutum nawa ke tsayawa a murabba'in mita ɗaya, ya ninka da faɗin kasuwar. Dabara ta ukun ce ta fi kama da ta littafi, alhali cunkoson bakin titi daban yake da na rumfunan hatsi.

Abin da masu tsara darasin suka tsallake shi ne harshe. Hausa ba ta cikin harsunan da gwamnatin Ghana ta amince a koyar a makarantu, saboda haka da Turanci ake yin tambayar, yaron zango kuma ya mayar da ita Hausa a zuciyarsa. In ya ji ta a matsayin "kintata", zai jefa lamba ya yi shiru. In kuwa ya ji "ƙiyasta", ya san sai ya kawo ma'auni, domin ƙiyasi kalma ce ta makaranta, inda ake auna abin da ba a sani ba da wanda aka sani. Malamin da bai rarrabe kalmomin biyu ba zai ɗauka yaron bai iya lissafi ba ne.

Ga kuma mai sayar da masara, wadda za ta dubi buhu ta faɗi olonka nawa ke ciki ba tare da ta zuba ba. Ma'auninta gwangwani ne, amma dabarar ninkawa ce tsaf. Ɗanta na zaune a ajin, ana koya masa murabba'in mita kamar bai taɓa ganin awo ba.