Sugar: Fim Ɗin Da Ya Faɗi Rabin Labari

'Yan uwa ɗalibai, a hutun nan na sake kallon Sugar, fim ɗin Anna Boden da Ryan Fleck na 2008. Labarin Miguel Santos ne, matashi ɗan Jamhuriyar Dominika mai jifan ƙwallo a wasan besbol, wanda aka kawo Arizona atisayen share fagen kakar wasa, daga nan aka tura shi wani ƙaramin gari a Iowa. Wurin da yake ta cin abinci iri ɗaya kullum, don sunansa kaɗai ya iya faɗa da Turanci, wallahi kaina na gani a makona na farko a Amurka. A nan fim ɗin ya ciri tuta.

Amma ina da ƙorafi. An ɗora faɗuwar Miguel kan rauni da kaɗaici, aka yi shiru game da haƙƙinsa. A lokacin, 'yan ƙananan rukunoni ba su da ƙungiyar ƙwadago, ba a kuma biyan su albashi a makonnin atisayen. Ko taƙaddamar kwana 99 da ta ƙare a Maris 2022, tsakanin manyan 'yan wasa ce da masu kulob. Irin su Miguel sai a Satumbar 2022 suka shiga ƙungiya. Yarjejeniyarsu ta farko, a 2023, ta ɗaga mafi ƙarancin albashin rukunin Single-A daga dala 11,000 zuwa 26,200 a shekara, aka kuma fara biyan kuɗin atisaye.

Ku nemi fim ɗin ku kalla, musamman masu haɗa karatu da aiki. Amma ku riƙa tambaya: yaron nan, da wa ya zauna aka yanke ladansa?