Sanarwa Daban, Shawara Daban

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Da wannan muke roƙon iyayenmu masu riƙe da unguwa, da shugabannin kasuwa da na tasha, su yi haƙuri su ji kukanmu kan yadda ake isar da magana a tsakaninmu.

Kowa ya san yadda ake yi yanzu. Dattawa goma sha wani abu su zauna a zaure su yanke magana. Ran Juma'a bayan an sallame sai a miƙa wa ladan takarda ya karanta a lasifika, rabin jama'a na neman takalmi. Shi ke nan, wai an sanar. Gobe in wani ya saɓa, a ce ai an faɗa. To wa ya ji? Ɗan acaɓan da ya riga ya tada babur, ko matan da ke cikin gida, ko yaron da tirela ta sauke shekaranjiya?

Magabatanmu ba haka suka riƙe zama a ƙasar Yarbawa ba. Tun da aka kafa Sabo ta Ibadan a 1916, fataucin goro da shanu a hannun masu gida yake. Baƙo in ya zo, wurin maigida zai sauka. Shi zai ba shi ɗaki, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa in an ba da kaya bashi, ya kuma gaya masa abin da mutanen gari ke so da abin da ba sa so. In baƙo ya yi laifi, maigidansa ake nema. Kuka na hawa daga baƙo zuwa maigida zuwa sarki, umarni na saukowa ta wannan hanyar. Yau samari na shigowa ba su da maigida, su kwana a masallaci ko a tasha, da safe su shiga gari neman abinci. Baƙo kuwa ko da ido makaho ne.

Mun ga kuɗin da ake biya in magana ta yanke. A Shagamu, watan Yuli na 1999, rikici ya tashi kan fitar mace da dare lokacin bikin Oro, aka rasa rayuka, har ramuwa ta kai Kano. A kasuwar Shasha ta Ibadan, Fabrairun 2021, cacar baki ce tsakanin ɗan dako da mai shago, mutum ya mutu, kafin a ankara shaguna da gidaje sun ƙone. Gwamnoni sun zo daga Arewa, an yi jaje, amma wanda jarinsa ya zama toka bai dawo da shi ba. Ba mu ce laifin ɓangare guda ne ba. Abin da muke cewa, tsakanin zagin farko da ashanar farko akwai sa'o'i. A cikin waɗannan sa'o'in muryar wa ake ji? Ta wani da ba a san shi ba, a WhatsApp, yana rantsuwa wai an kashe mutum ɗari. Shugaba kuwa sai bayan kwana biyu ya kira taro. Ihu bayan hari ke nan. Alƙur'ani a Suratul Hujurati ya umarce mu da tantance labari kafin mu yi aiki da shi, amma yaro a tasha wa zai tambaya, in lambar kowa bai riƙe ba?

Ba mu manta alherinku ba. Mun san wanda ke tashi ƙarfe biyun dare ya tafi ofishin 'yan sanda belin yaron da ko sunansa bai sani ba. Sai dai da an yi magana da yaron tun ranar da ya sauka, da wataƙila an huta da wannan tashin.

Roƙonmu ba mai tsada ba ne. 'Yan acaɓa, 'yan dako, masu ruwa, mahauta da 'yan gwari kowa ya ba da wakili a zaure, a bar shi ya yi magana ba a ce masa yaro ne ba. Duk sabon zuwa a rubuta sunansa, a ɗora shi a hannun wani babba. Ranakun Oro a sanar tun da mako guda, a masallatai da makarantun Islamiyya na mata. A ware mutum biyu masu jin Yarbanci sosai, masu shiga wurin Baale kai tsaye. In abu ya faru, shugaba ya aiko da muryarsa a waya kafin sa'a ta cika, ko da cewa kawai zai yi a zauna, ana bincike. Kuɗin da ake tarawa kuma a riƙa karanta lissafinsu, don shiru a kan kuɗi shi ke haifar da zato.

Ƙofar wannan mujalla a buɗe take ga duk dattijon da ke da amsa. Allah Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, amin.